Jos: Inuwar da ta rage wa kowa da kowa

Duk wanda ya bi hanyar Miango a birnin Jos washegarin Sallah zai tarar da layi a ƙofar Gandun Namun Daji tun da hantsi. Yara sun sha sababbin kaya, hannuwan 'yan mata sun yi jawur da lalle, iyaye mata na riƙe da kulolin abinci, masu ɗaukar hoto na kai-kawo, masu rake da alewa sun jera tire a bakin titi. Wanda ya sake komawa washegarin Kirsimeti zai tarar da irin wannan layi a wannan ƙofa. Ɗinkin tufafin ya sauya, sunayen da iyaye ke ƙwala wa 'ya'yansu kira da su sun sauya, amma mai yankar tikitin yana nan, haka ma inuwar da za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

A wani garin, wannan ba abin ba da labari ba ne. A Jos kuwa, inda rikice-rikicen fiye da shekara 20 suka raba unguwanni da kasuwanni, har da makarantun yara, wurin da Musulmi da Kirista ke shiga ta ƙofa ɗaya ba tare da wani ya ɗauki kansa baƙo ba ya zama abu mai tsada. Irin waɗannan wurare kaɗan suka rage, kuma da yawa daga cikinsu filayen shaƙatawa ne na gwamnati. Su ne kuma filayen da gine-gine da ƙarancin kuɗi da sakaci ke gutsura a hankali, ba tare da an ji motsin komai ba.

Garin da haƙar kuza ta raina

Jos na zaune a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku. Matafiyin da ya taso daga Abuja ta Keffi da Akwanga yakan ji iska ta sauya tun yana tsakiyar Hawan Kibo, kafin ya kai duwatsun Riyom ya fara laluben rigar sanyi. A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa kusan digiri 10 da dare. Wannan sanyi, tare da arzikin kuza da ke ƙarƙashin ƙasa, su suka janyo Turawa tun farkon shekarun 1900. Ƙaramin layin dogo ya iso daga Zariya a 1914, babban layi kuma ya iso daga Kafanchan a 1927. Leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, akawuna da 'yan kasuwa suka zo daga kudu, suka haɗu da Birom da Anaguta da Afizere da ke zaune a tsaunukan yankin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara da aikin tilas, wanda jama'a suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna.

Filayen hutawa na farko ba don waɗannan leburori aka yi su ba. Filin wasan golf na Rayfield, wanda aka kafa a 1913, ake kuma ɗauka shi ne mafi daɗewa a Najeriya, na manyan kamfanonin kuza ne. Gefen Turawa ya sami faffaɗan tituna da lambuna da shingen furanni, gefen 'yan ƙasa ya sami cunkoso. Gadon da haƙar ta bar wa talaka shi ne tsibin ƙasa da ramuka masu zurfi da suka cika da ruwa, waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi. Daga baya aka dasa itatuwan turare a kan wasu daga cikin tsibin don ƙasar ta farfaɗo.

Sauyi ya fara ne a 1952, lokacin da aka buɗe gidan tarihi na Jos ƙarƙashin jagorancin Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, wanda ya tattara gumakan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka tono. An kafa gidan a tsakiyar gari cikin duwatsu da itatuwa, a cikin shekarun 1950 kuma aka ƙara masa gidan zoo. Daga baya wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a harabar, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ƙasa da azara kamar yadda magabata suka yi. Wannan haraba na ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wato mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Tana cikin 'yan filaye masu itatuwa da suka rage a ƙirjin birnin, tafiyar 'yan mintuna a ƙasa daga Titin Ahmadu Bello.

Hekta 800 da gari ya cim wa

Babban filin ya zo ne a 1972. Gwamnan jihar Binuwai-Filato na wancan lokaci, Joseph Gomwalk, ɗan sanda ne, amma ilimin dabbobi ya karanta a Jami'ar Ibadan. Shi ya keɓe kimanin murabba'in kilomita 8, wato hekta 800, na tuddai da ƙoramu da kurmi a gefen gari, ya mayar da su Gandun Namun Daji na Jos. A daidai wannan zamani ne wani gwamnan ɗan sanda, Audu Bako, ya kafa gidan zoo na Kano. Shugabannin wancan ƙarni, duk da kurakuransu, sun ɗauki wurin hutawar jama'a a matsayin aikin gwamnati, kamar asibiti da makaranta da madatsar ruwa.

Girman gandun ba ya fitowa sai an auna shi da takwarorinsa. Central Park da ke tsakiyar birnin New York a Amurka hekta 341 ne. Hyde Park na birnin Landan hekta 142 ne. Millennium Park na Abuja, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba 2003, hekta 32 ne. Ke nan, a takarda, gandun Jos ya ninka na New York fiye da sau biyu, ya kuma ninka na Abuja sau 25. Lokacin da aka keɓe shi yana bayan gari ne. Yau gari ya cim masa: Tudun Wada da Kabong da Dong da rukunin gidajen tarayya masu sauƙin kuɗi duk maƙwabtansa ne. Abin da aka fara a matsayin dajin bayan gari ya zama babban filin shaƙatawa na cikin birni, ba tare da an sake tsara shi don wannan sabon nauyi ba.

Cikin shekarun da suka shuɗe, gandun ya riƙe zaki da giwa da kura da kada da jimina da mesa da birai iri-iri. Akwai kurmin dogayen itatuwa da aka dasa, inda iyalai ke zama su ci abinci, da tudun da mai ƙarfin hawa ke hango birnin daga kansa. Hukumar yawon buɗe ido ta jihar Filato ce ke kula da shi. Baya ga gandun da harabar gidan tarihi, akwai filin wasannin yara mai ɗauke da sunan Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a jihar, da wurin shaƙatawa na Rayfield, wanda tafkinsa tsohon ramin kuza ne. Na Rayfield ɗin shaida ce cewa ramin da haƙa ta bari zai iya zama abin amfani idan aka sa masa hannu.

Gari ya rabu, gandu bai rabu ba

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 aka shiga rikicin da ya sauya fuskar Jos. Cikin ƙasa da mako guda aka rasa rayuka kimanin 1,000. A Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ɗaruruwa suka sake salwanta. Haka aka yi a Janairu 2010, sai kisan Dogo Nahawa a watan Maris na shekarar, sai bama-baman jajiberin Kirsimeti. Ranar 20 ga Mayu 2014, tagwayen bama-bamai suka hallaka aƙalla mutum 118 a yankin Terminus. Kowane ɓangare ya binne nasa, kowane ɓangare yana da nasa labarin.

Bayan kowace tarzoma sai a ga motocin kwasar kaya. Kiristan da ke zaune a Unguwar Rogo ko Gangare ya sayar da gida ya koma Unguwar Rukuba ko Jenta Adamu, Musulmin da ke Tudun Wada ya tattara ya koma Rikkos ko hanyar Bauchi. Wasu ma musayar gidaje suka yi. Babbar Kasuwar Jos da ke Terminus, wadda a da take haɗa kowace ƙabila ƙarƙashin rufi ɗaya, ta ƙone a Fabrairu 2002, ta shafe fiye da shekara 20 tana kango. Kasuwanci ya watsu zuwa unguwanni, makarantun kuɗi suka bi sahun addini, direban haya ya koyi inda zai tsaya da inda ba zai kai dare ba.

Sakamakon shi ne yaron da aka haifa a 2001 yanzu magidanci ne, kuma mai yiwuwa ya girma bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da ɗaya ɓangaren daga baki ya ji shi, ko daga wayar hannu. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma rashin sabo ya fi shi haɗari, domin wanda ba a sani ba shi ake saurin yarda da sharrin da aka jingina masa. Gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Gina Zaman Lafiya a 2016, ƙungiyoyi sun yi tarukan sulhu babu adadi a ɗakunan otal. Sai dai taron otal na wakilai ne da shugabanni. Talaka da 'ya'yansa ba su da takardar gayyata.

A nan ne darajar filin shaƙatawa take. Masallaci na wasu ne, coci na wasu ne, unguwa ma ta zama ta wasu, amma kejin jimina ba shi da ɗariƙa. Iyalin da suka taso daga Unguwar Rogo zuwa gandun sai sun ratsa unguwannin da ba su saba shiga ba, su sayi ruwa a hannun wanda ba su saba ciniki da shi ba, su koma gida lafiya. Ba wanda ya yi musu lacca kan zaman tare. Sun dai ga yaran wasu suna tsoron kada kamar yadda nasu ke tsoro. Ƙasar Hausa ta san amfanin irin wannan wuri tun kafin zuwan Bature: dandali da ƙofar fada da inuwar ceɗiya ko durumi a bakin kasuwa, inda baƙo da ɗan gari ke zama ba a tambayi kowa asalinsa ba. Babban filin shaƙatawa shi ne dandalin birnin zamani.

Akwai kuma aikin da fili ke yi ko ba wanda ya taka shi. Jos na samun ruwan sama mai yawa, ƙasarta kuwa duwatsu ce da gangara. Inda akwai itatuwa da ciyawa, ƙasa kan sha ruwan ta sake shi a hankali. Inda aka shafe ta da siminti, ruwan kan taru ya gangaro a lokaci guda. A Yuli 2012, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta ratsa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ta ci fiye da mutum 30, ta rushe gidaje masu yawa. Kowace hekta ta kurmi da aka mayar fuloti a kan tudu, na gangare ne ke biyan kuɗinta da damina.

Yadda fili ke ɓacewa

Babban fili ba ya ɓacewa a rana ɗaya, shi ya sa ba a yi masa zanga-zanga. Da farko wani sashe na shinge zai faɗi, ba a gyara ba. Sai masu neman itacen girki su sami hanya, sai makiyayi ya bi sawunsu, sai wani ya yi 'yar gonar masara da damina. Bayan shekara biyu gonar ta zama bola, bolar ta zama wurin bulo, sai a wayi gari an tona harsashi. Idan gini ya kai rufi, mai shi ya fara neman takarda, kuma a nan ne maganar ke barin daji ta shiga ofis. Shekaru da dama ke nan ana kokawa kan gine-ginen da ke kutsawa gefunan gandun Jos, da saran itatuwa, da gobarar daji da rani, da masu tonon ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane. Amma gwamna ba ya zuwa da igiyar awo. Safiyo ne ke aunawa, jami'in tsara birni ne ke rubuta cewa wurin ya dace da gini, darakta ya sa hannu, babban sakatare ya miƙa. Idan iyakar fili ba ta fito sarai a taswirar da kowa zai iya gani ba, kowane ɗayansu zai iya rantsuwa cewa bai san ya taɓa gandu ba. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati alhakin kare muhalli da dazuzzuka da namun daji, sai dai yana cikin babin da ba a cika iya kai ƙara a kansa kai tsaye ba. Saboda haka kariyar da ta rage ita ce ta ma'aikacin da fayil ya biyo ta teburinsa.

Hanya ta biyu ita ce yunwa. Zaki na buƙatar kilo da dama na nama a kowace rana, giwa na cin ganye da ciyawa fiye da kilo 100. Dabba ba ta san an jinkirta sakin kuɗin gudanarwa ba, ƙarfen keji ma bai san ana jiran amincewar majalisa ba kafin ya yi tsatsa. Tsarin kasafin kuɗi ya fi son sabon aiki, wanda za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto, fiye da kuɗin nama da magani da walda. A Disamba 2015 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gandun Jos. Hankalin mazauna unguwannin kewaye ya tashi, jami'an tsaro suka bazama nemansa, daga ƙarshe aka harbe shi. Mutane da yawa sun yi tambaya a lokacin: me ya hana a sa masa allurar barci a mayar da shi? Tambayar ta kayan aiki ce da horo, kuma amsarta tana cikin kasafin kuɗi.

Hanya ta uku ta fi wuyar ganewa, domin filin yana nan a taswira, sai dai ya daina zama na kowa. Mazauna Abuja sun san wannan sarai. Filaye da yawa da tsarin birnin ya keɓe don iska da inuwa an ba da hayarsu, suka koma wuraren shan barasa da gasa kifi da ɗakunan biki. Magidancin da ke neman inda 'ya'yansa za su yi gudu ba zai kai su can ba, ƙaramin ma'aikaci ma ba zai iya kuɗin shiga ba. Rusau ɗin da aka yi a zamanin Minista Nasir el-Rufai, daga 2003 zuwa 2007, ya nuna irin ɗacin da ke tattare da ƙwato fili bayan an riga an gina shi. Kano ma ta ɗanɗana a 2023, lokacin da aka rushe shagunan da aka gina a filin Idi, maganar ta ƙare a kotu. Hana tona harsashi ya fi rushe bene sauƙi, ga gwamnati da mai ginin baki ɗaya.

A Jos akwai ƙarin cikas, wato na isa wurin. An sha hana zirga-zirgar Keke Napep a ranakun Sallah da Kirsimeti saboda dalilan tsaro. Dalilin abin fahimta ne a garin da ya ga abin da ya gani. Amma waɗannan ranaku su ne ranakun da talaka ke da sukunin fita da iyalinsa, kuma keken ne motarsa. Idan ba a tanadi motocin safa da za su maye gurbi ba, filin ya zama na masu mota ke nan.

Abin da wasu birane suka koya

Manyan filayen duniya da ake sha'awa a yau duk sun taɓa shiga irin wannan hali. Central Park, wanda aka fara buɗewa a 1858, ya lalace a shekarun 1970 lokacin da birnin New York ya shiga matsin kuɗi, har mutane suka riƙa tsoron shigarsa. A 1980 aka kafa wata gidauniya mai zaman kanta da ta karɓi kula da shi bisa yarjejeniya da hukumar birnin. Ita ke tara mafi yawan kuɗin gudanarwa, amma filin ya ci gaba da zama mallakar birni, shiga kuma kyauta ce. Tarihinsa yana da tabo, domin sai da aka tashi wata unguwa mai suna Seneca Village, wadda yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne, kafin a shimfiɗa shi. Jos ba ta da buƙatar tayar da kowa. Filin yana hannunta tun 1972, riƙewa kawai ya rage.

A Nairobi, babban birnin Kenya, gwamnatin Daniel arap Moi ta shirya gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru a 1989. Wangari Maathai ta yi ta rubuta wasiƙu, ta garzaya kotu, aka yi watsi da ƙararta, aka ci mutuncinta a majalisa. Amma masu zuba jari daga waje suka janye, aikin ya mutu a 1990. A 2004 ta sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. A Alƙahira kuwa, wani tudun shara da ya shafe ɗaruruwan shekaru ana zuba masa tarkace ne Gidauniyar Aga Khan ta mayar lambun Al-Azhar mai faɗin hekta 30, aka buɗe shi a 2005. Wanda ya ga abin da aka yi da bolar Alƙahira ba zai ce ramukan kuza na Filato sun fi ƙarfin gyara ba.

Misali mafi kusa yana bakin Jos. A Laminga, gabas da birnin, akwai dajin Amurum mai faɗin kimanin hekta 300, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke da alaƙa da Jami'ar Jos, take aiki tun farkon shekarun 2000. Dajin mazauni ne ga wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama a duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi na daban. Abin da ya tsare Amurum shi ne yarjejeniya da mutanen Laminga, waɗanda 'ya'yansu ke aiki a cibiyar. Maƙwabcin da ke cin moriyar daji shi ne mai gadinsa na farko. Matasan Tudun Wada da Dong da Kabong, idan suna da rabo a aikin rakiyar baƙi da gadi da dashen itatuwa da sayar da abinci a gandun, sun fi kowane shinge ƙarfi.

Hannun Abuja a ciki

Mai karatu a sakatariyar tarayya zai iya cewa wannan lamarin jiha ne. Gaskiya ne cewa gandun na jihar Filato ne, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Amma igiyoyi da dama suna Abuja. Harabar gidan tarihi da gidan zoo na tsakiyar gari ta tarayya ce, abincin dabbobinta da yaɓen ganuwarta daga kasafin tarayya suke fitowa. Ginin ƙasa kuwa, idan damina biyu ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, ya fara komawa inda ya fito. Ma'adinai na cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, kuma ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja ne ke ba da lasisi. Jami'in da ke duba taswirar neman lasisi zai iya tambaya ko wurin ya taɓa keɓaɓɓen fili kafin ya buga hatimi.

Sai Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981 don magance zaizayar ƙasa da ambaliya da makamantansu. Filato na da tarihi mai ɗaci da wannan asusu. A Yuni 2018 wata babbar kotu a Abuja ta sami tsohon gwamnan jihar, Joshua Dariye, da laifin karkatar da fiye da naira biliyan 1 na kuɗin muhalli da aka saki wa jihar a zamanin mulkinsa. An yanke masa ɗaurin shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, aka yi masa afuwa a 2022. Shari'a ta ƙare, amma ramukan suna nan. Darasin ga masu sakin kuɗi shi ne su bi sawunsa har bakin ramin, su ga abin da aka yi da idonsu.

Jos kuma cike take da cibiyoyin tarayya. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana cikin garin, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu tana kan hanyar Miango, hanya ɗaya da gandun. A Kuru kuwa akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa, inda manyan daraktoci da hafsoshi ke shafe watanni a kowace shekara. Likitocin dabbobi da masana itatuwa da masu tsara manufofi duk suna tazarar da ba ta kai tafiyar sa'a guda daga kejin da ke neman walda ba. Yarjejeniya ta shafi biyu tsakanin waɗannan cibiyoyi da hukumar da ke riƙe da gandun za ta iya samar da likita da ɗalibai masu dashe da masu ƙidayar itatuwa, ba tare da an jira sabon kasafi ba.

Sauran abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfin kowa ba. A sake auna iyakokin gandun da na harabar gidan tarihi, a kafa duwatsun shaida, a wallafa taswirar a intanet yadda mai sayen fuloti da lauyansa za su gani kafin su biya. A ware wa abincin dabbobi da gyaran keji layinsu na kansu a kasafi, a riƙa sakinsa a kan kari. Idan za a shigo da 'yan kasuwa, a rubuta a yarjejeniya cewa ƙasar ta jama'a ce, kuɗin shiga kuma ba zai fi ƙarfin lebura mai 'ya'ya biyar ba. A tanadi motoci daga Terminus da hanyar Bauchi da Bukuru a ranakun bukukuwa. A riƙa haɗa makarantar firamare daga Gangare da wata daga Unguwar Rukuba a rana ɗaya, a mota ɗaya, su je su ga jimina tare.

Lambar motocin jihar na ɗauke da kirarin gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. An saba ɗaukar kalmomin biyu a matsayin abubuwa daban-daban, ɗaya na jami'an tsaro, ɗaya na masu otal. A ƙofar gandun da ke hanyar Miango, washegarin Sallah da washegarin Kirsimeti, abu ɗaya ne. Waɗanda suka keɓe hekta 800 a 1972 ba su san abin da zai sami garin bayan shekara 29 ba, amma sun bar masa wurin da zai iya sake haɗuwa. Ko hektocin nan za su kai ga jikokin yaran da ke kan layi a yau, ya danganta ne da fayilolin da ke yawo tsakanin teburori a Jos da Abuja, da kuma ko wanda fayil ya iso gabansa zai buɗe taswira ya duba kafin ya ɗauki biro.